Cizon Yaro Ba Dalilin Yaye Ba Ne

Watansa bakwai da haihuwa ranar da ɗana ya fara cizona. Bayan sallar isha'i ne, a ɗakina da ke Tudun Wada, Gusau, ana yayyafin tsakiyar damina. Ya sha ya ƙoshi, idanunsa sun fara lumshewa, sai na ji kamar an soka mini allura a kan nono. Na yi ƙara na fizge, shi kuma ya razana ya fashe da kuka. Da na haska fitila, sai ga haƙora biyu sun ɓullo a dasashinsa na ƙasa, ni kuma ga tsaga tana tsattsafo da jini.

Kwana uku ina shayarwa da hawaye. Labari ya kai Bunguɗu, surukata ta aiko da saƙo: "Yaron da ya iya cizo ya iya cin tuwo. A shafa maɗaci a yaye shi, a kawo mini shi." Mahaifiyata kuwa ta kira daga Tsafe ta ce: "Ki ɗan make masa baki, haka na yi muku." Dukansu don ƙauna suka faɗa, kuma zuciyata ta karkata ga yaye. Abin da ya tsayar da ni shi ne tunanin abin da zai maye gurbin nonon. Kunun gero zalla ba zai riƙe ɗan wata bakwai ba, madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihunmu, kuma duk wadda ta taɓa leƙa ɗakin masu tamowa a jiharmu ta san inda yayen gaggawa kan kai yaro.

Na tafi asibitin unguwa don a duba ciwon. Ma'aikaciyar jinyar, wata dattijuwa, ta ce in shayar da shi a gabanta. Ta zuba ido na ɗan lokaci, sannan ta ce: "'Yata, dubi bakinsa. Yaron da ke tsotso da gaske harshensa na shimfiɗe a kan haƙoransa na ƙasa. Idan ya yi cizo a lokacin, kansa zai ciza. Sai ya janye harshe tukuna yake iya cizonki." Ashe cizon yana da lokacinsa: idan ya ƙoshi ya koma wasa, idan barci ya fara ɗaukarsa, idan ruwan nonon ya ragu, ko mura ta toshe masa hanci. Ga kuma ƙaiƙayin dasashi da ke sa shi neman abin taunawa.

Daga ranar na daina shayarwa ina latsa waya. Na koyi lura da haɗiyarsa. Da zarar ta tsaya, na ji muƙamuƙinsa ya ɗaure, sai in zura ɗan ƙaramin yatsana mai tsabta ta gefen bakinsa in cire nonon a hankali, domin fizgewa ce ke yage fata. Idan ya riga ni, nakan ce masa "a'a" cikin natsuwa, in ajiye shi na ɗan lokaci, ba duka ba tsawa. Tsawa kan sa wani yaron ya ƙi nono ɗungurungum, wani kuma ya ɗauka wasa ne ya maimaita. Kafin shayarwa nakan murza masa dasashi da yatsa, ko in ba shi tsumma mai tsabta da na jiƙa da ruwan sanyi ya tauna. Tsagar kuwa, nakan wanke ta, in bari ta sha iska, in fara ba shi ɗaya ɓangaren. Cikin mako biyu cizon ya wuce.

Ta kuma ja mini kunne kan abu biyu. Na farko, mu Hausawa mun saba ɗora wa haƙori laifin kowace cuta. Fitar haƙori kan kawo dalala, rigima da ɗan ɗumin jiki, amma zazzaɓin da ya kai digiri 38 ko gudawa mai yawa ba aikinsa ba ne. A damina musamman, a gwada jini don zazzaɓin cizon sauro, mai gudawa kuma a ba shi ruwan gishiri da sukari tare da zinc, a ci gaba da nono. Na biyu, a guji sayen "maganin haƙori" barkatai. A 2008 zuwa 2009, maganin My Pikin da ya gurɓata da sinadari mai guba ya hallaka yara 84 a Najeriya. Ita uwar ma, idan nononta ya kumbura, ya yi zafi, ga zazzaɓi, to ta garzaya asibiti.

Da na je Bunguɗu gaisuwa, na durƙusa na ce: "Inna, a yi mini haƙuri ya cika shekara biyunsa." Na tuna mata cewa shekara biyun nan Alƙur'ani ya ambace su, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce nono zalla wata shida, sannan a haɗa da abinci har shekara biyu ko fiye. Ta ɗauki jikanta, ta leƙa bakinsa, ta yi dariya ta ce: "To, maigidan ya ci albarkacinki."

Yau haƙoransa takwas, yana cin faten wake, yana kuma shan nononsa lafiya. Allah Ya raya mana zuri'a.