Simintin Likita A Ƙashin Baya

'Yan'uwana mata, yau maganar tsofaffinmu za mu yi. Kowaccenku ta san wata tsohuwa da ta sunkuya ɗaukar tulu, sai ta ji baya ya riƙe, daga ranar ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Mu kuwa sai mu ce ai tsufa ne, a shafa mata man zafi. Alhali sau da yawa karaya ce. Idan mace ta daina al'ada, ƙashinta yakan yi ta rauni har ya zama kamar azarar da gara ta ci, sai gaɓa ɗaya ta ƙashin baya ta lotsa.

Haka ya sami goggona. Mako uku tana kwance, ko juyi sai an kama ta. Da aka ɗauki hoton bayan, likita ya nuna mini gaɓar, a bakinsa kuma na fara jin ana ɗura siminti a ƙashi. Kada ku yi dariya, ba irin na magina ba ne, wani haɗi ne na asibiti. Mutum zai kwanta rub da ciki, a kashe zafin wurin, a soka allura cikin gaɓar ana duba ta da na'urar hoto, sa'an nan a ɗura. Kafin rabin sa'a ya daskare. Likitoci biyu, Galibert da Deramond, su suka fara yin sa a garin Amiens na ƙasar Faransa a 1984.

To, amma ku saurara. A 2009 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi masa a Amurka da Ostareliya. Waɗansu aka yi musu aikin, waɗansu aka yi kamar an yi, sai aka tarar sauƙin da suka samu kusan ɗaya ne. A 2016 wani gwaji a Ostareliya ya nuna yana taimakon wanda karayarsa ba ta kai mako 6 ba, ciwon kuma ya tsananta. Wani lokaci ma simintin yakan tsiyaya ya taɓa jijiya. Ita goggo magani da ɗamarar baya aka ba ta, cikin wata uku ta tashi.

Ina roƙonku, kada a kai irin wannan baya wurin mai ɗori ya danna. A fara ɗaukar hoto, domin tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya, shi kuwa magani yake so, ba siminti ba. In tsohuwa ta ce ƙafafunta sun mutu, ko fitsari na kufce mata, a kai ta asibiti ran nan, kada a kwana.