Neman Fitilar Keke

Litinin, 4 ga Disamba
An mayar da ni aikin yamma. Tashi ƙarfe goma na dare. Sharaɗa zuwa Ɗorayi a keke, babu wata, babu wuta a unguwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya fi ƙarfin albashina, kuma tun dokar 2022 da ta hana a-daidaita-sahu aiki bayan goma, wanda duk ka ci karo da shi a wannan lokaci sai ya yanka maka kuɗin da ya ga dama. Keken dai.

Tocilar gida na ɗaure a hannunsa da robar tsohon tub. Kowace gargada sai ta kalli sama.

Talata, 5
Rami a Ja'en, bayan kwalbati. Ban gan shi ba sai da tayar gaba ta faɗa. Gwiwa ta goge, wando ya yage, gargaren keken ya ɗan lanƙwashe. Uwargida ba ta ce komai ba, ruwan zafi kawai ta ɗora. Shirun nata ya fi faɗa.

Laraba, 6
Wajen Baba mai gyaran keke da safe. Ya kifa shi a kan sirdi yana juya tayar, yana ɗaure sifok ɗaya bayan ɗaya. Ya ga robar a hannun keken ya yi dariya.

"Ɗana, wannan ai ba fitila ba ce, neman magana ne."

Ya ce a zamaninsu Rali da Finis da dainamonsu suke zuwa, ɗan kwalbar nan mai gogar gefen taya. Ya lalubo wani a cikin gwangwanin notina, duk tsatsa, a jikinsa an buga 6V 3W. Babu caji, babu batir, ƙafarka ce injin. Amma da ka tsaya sai fitilar ta mutu, a mahaɗar titi, daidai inda ka fi buƙatar a gan ka. Kuma yana cin gefen taya. Ya ce in ɗauka kyauta. Na ce sai na yi shawara, Baba.

Alhamis, 7
Komai lafiya. Na bi bayan wata tirela har kwanarmu, ina cin haskenta da ƙurarta.

Asabar, 9
Kasuwar Sabon Gari. Fitilu a cikin kwali reras, duk 'yan China, duk da hoton Bature a kan dutse. A jikin ɗaya lumen 5,000, ta kusa da ita 10,000, girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya.

"Oga, wannan ita ce ƙarshe. Dare sai ya koma rana."

Mai shagon ya kunna mini a fuska. Na daɗe ina ganin kore-kore. Na tambaye shi awa nawa take yi, ya ce har gari ya waye. Na tambaye shi ko zan iya dawo da ita in ba ta yi ba, sai ya juya wajen wani mai saye.

Wani shagon yana da masu kamar tocila da maƙalin roba. Wata mai ƙaho haɗe, tana kukan jiniya. Wata mai ɗan faifan sola a bayanta, faɗinsa bai kai ashana ba. Ban sayi komai ba. Na sayi lemo na dawo.

Lahadi, 10
Ƙanina ya zo cin tuwo, shi da ke gyaran waya a Farm Centre. Na nuna masa hotunan kwalayen. Ya ɗauki biro ya yi mini lissafi a bayan takardar magani.

Yawancinsu batir ɗaya ne a ciki, 18650, irin na cikin batirin kwamfuta. Mai kyau a irinsa wajen mAh 3,500 yake ɗauka, duk wanda aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Ƙwan LED kuwa kusan lumen 100 yake bayarwa a kowane wat. To lumen 1,000 na gaske zai sha wat goma, batirin nan ya ƙare cikin awa guda ko da ɗoriya kaɗan, jikin fitilar ya yi zafin da ba ka iya riƙewa. Ƙwan motar da muka saba, na da, tsakanin 1,000 da 1,600 yake.

"Yaya, kana ganin ɗan abin nan ya ninka fitilar mota shida?"

Ya ce a cikin gari 300 zuwa 500 na gaskiya sun ishe ni. Na ce ta yaya zan gane na gaskiya. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce in auna nauyi a hannu, mai batirin kirki ba ta zama fayau.

Na ajiye takardar a ƙarƙashin filo, ban san dalili ba.

Litinin, 11
Hazo ya sauka sosai. Maƙogwaro kamar an zuba yashi. Rawani har hanci.

Talata, 12
Wani abokin aiki ya ara mini tasa, yana hutun mako. Irin mai 10,000 ɗin. A bakin ƙofar kamfani na kunna, masu gadi suka yi shewa.

A hanya labari ya sha bamban. Hasken zagaye yake fita, rabinsa sama, cikin ƙura, ya dawo mini fari fat. Ina ganin hazon da kyau, kwaltar ce ba na gani. Tsakiya ɗigo ɗaya mai ƙuna, gefe duhu. Ga masu tahowa: mai babur ya kare ido da hannu ya karkato kaina, wani mai mota ya sakar mini cikakkiyar fitilarsa don ramuwa. Wata tsohuwa mai ƙosai ta bi ni da magana, ban ji duka ba, na ji "makanta".

Na sunkuyar da ita ƙasa. Sai ta haska tayata da taku uku a gabanta, sauran hanya babu.

Laraba, 13
Ta mutu kafin Ɗorayi. Babu gargaɗi, ɗif. Ashe na bar ta a mafi ƙarfi. An ɗauke wuta tun jiya, sai wajen mai cajin waya na bakin masallaci, na bar ta cikin wayoyin mutane da lamba a jikinta.

Maƙalin ma abin haushi. An yi shi don hannu mai kauri irin na kekunan tsere, nawa siriri ne, sai da na naɗa tsumma. Duk da haka tana noƙewa a kan gargada.

Alhamis, 14
Ban yi barci da wuri ba. Na karanta a waya cewa a Jamus doka ce fitilar keke ta zama mai yankakken haske daga sama, kamar ƙaramar fitilar mota: madubin ciki ya tattara hasken ya shimfiɗa a ƙasa, sama da wani layi kuma babu, don kada ta kashe wa na gaba ido. Su da lux suke aunawa, wato hasken da ya sauka a kan hanya, ba wanda ya fita daga ƙwai ya watse ba. Mai ƙyaftawa ma ba a yarda a ɗaura wa keke ba. Da na tuna yaran da ke wuce ni da fitila tana ƙyaf-ƙyaf, ba ka iya cewa ga nisansu, sai na ga dalilinsu.

Abin da nake nema ke nan tun ranar ramin, ban san yadda ake faɗarsa ba. Wa zai kawo irinta Kano?

Juma'a, 15
Bayan masallaci, wajen masu kekunan gwanjo. Na kwatanta wa wani da hannu: haske mai faɗi, sama a yanke. Ya gane nan take. Ya ce wasu kekunan Turai da Japan da ita suke zuwa, dainamon a cikin cibiyar tayar gaba, ba ya taɓa roba, wasu ma in ka tsaya suna ci gaba da ci na ɗan lokaci. Amma sai in sayi tayar dungurungum, in an dace girmanta ya yi daidai da nawa. Masu caji irin wannan ma sukan faɗo cikin kaya jefi-jefi.

"Alaji, ka ba ni lambarka. Kaya na hanya daga Legas."

Yaushe? In sha Allahu.

Asabar, 16
Babu kira.

Lahadi, 17
Babu kira. Na wanke keke, na sa wa sarƙa mai. Na sayi 'yar jar fitilar baya mai arha, wannan kam ba ta buƙatar dogon tunani, a gan ni kawai. Uwargida ta ɗinka mini ƙyallen nan mai walƙiya a bayan rigar sanyi, ta ce na zama ɗan kwana-kwana.

Gobe mai fitila zai dawo aiki ya karɓi abarsa.

Litinin, 18
Na mayar. Na koma wajen Baba na karɓi dainamon. Ya goge shi da kananzir, ya haɗa da wata tsohuwar fitila mai gilashi. Ja-ja take ci, ga ƙugi a kan taya, ga nauyi a feda wajen hawa. A lungunmu 'yan sintiri sun ji ni tun kafin su gan ni. Amma ƙasa take kallo, kuma ba ta noƙewa, da noti aka ɗaure ta. Wata ma ya fara kaiwa lokacin tashina.

Talata, 19
Mai gwanjo ya yi filashin da rana ina kan inji. Na kira da hutu, a kashe. Albashi sai ƙarshen wata. In tayar ce, kuɗin zai taɓa na makarantar yara. In mai caji ce, batirinta ya riga ya sha shekaru a hannun wani, sai ƙanina ya buɗe ya gani ko ana iya canza shi.

Laraba, 20
Ya ɗauka. Ya ce guda biyu ne, wani ya riga ya ɗora hannu a kan ɗaya. In zo Asabar da sassafe, in zo da keken a gwada.