'Ya'yan Darbejiya Da Tumatirin Bayan Ɗaki

'Yan'uwana mata, duk wadda ta riƙe kuɗin cefane a shekarar 2016 ba ta manta da sharon ba. Ni lokacin nan ina 'yar makaranta, ni ake aike kasuwar Tarauni, in dawo gida Unguwa Uku da tumatir uku huɗu a ƙasan kwano, Inna ta dube ni, ta dubi canji. Gonakin Kadawa da Kura sun ƙone ƙurmus kamar an sa musu wuta, har kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya tsai da aiki don rashin abin niƙawa.

To, mene ne sharon ɗin nan? Wata 'yar faɗa-wuta ce, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Asalinta daga Amurka ta Kudu, ta ƙetaro ƙasar Sifen a 2006, kana ta yi ta yaɗuwa har ta iso mu. Ita kanta ba ta cin ganye. Da dare take fita ta bi tumatir tana saka ƙwai, mace guda ta iya saka fiye da 200. Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ganye ta shige tsakiyarsa. In ta shige kuwa an gama, gama maganin feshi a bayan ganye yake tsayawa, ita tana ciki tana ɓarna. Ashe ke nan uwar ya kamata a tare tun ba ta saka ƙwan ba.

Uwar nan kuwa tana da tsantseni irin namu. Ba ta ajiye 'ya'yanta ko'ina sai ta shinshina wurin, ta ɗanɗana shi da ƙafafunta. In ta ji bai yi mata ba, sai ta yi gaba. Nan ne amfanin darbejiya, wadda wadansu ke ce wa dogon yaro, itacen da asalinsa daga Indiya yake. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta cinye kome a Sudan ta bar darbejiya, shi ya sa masana suka dukufa a kanta, har a 1968 suka fid da sinadarin da ke cikin 'ya'yan. Mu kuwa kullum safiya sharewa muke yi mu kai juji. Kai, abin da ban haushi!

Ga yadda nake yi wa tumatirina na bayan ɗaki, waɗanda na dasa cikin tsofaffin bokitai. Ki tsinto 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, ki wanke, ki shanya a inuwa. Wanda ya yi fumfuna ki zubar. Ki ɓare, ki daka ƙwayar a turmin da ba na abinci ba. Rabin kilo ya ishi ruwa lita 10. Ki jiƙa ya kwana, ki tace da tsumma, ki narka ɗan sabulu a ciki domin ya kama ganye. Da la'asar sakaliya za ki yayyafa, sama da ƙarƙashin ganye, gama rana tana kashe ƙarfinsa, kuma da dare ɓarauniyar ke zuwa. Kowane mako sai an sake.

Kada wata ta ce na ce yana kore su ƙaf. Rage su yake yi, ganyen da tsutsa ta riga ta shiga kuwa sai ki tsinke ki ƙone. Amma ni dai na fi yarda da shi bisa ga kwalbar da ake saye ba a san abin da ke ciki ba, a zo a fesa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Shi ma ɗin a ɗaga shi sama, kada yaro ya sha.

Ku 'yan makaranta, tsintar taku ce, in kun taso ku biyo ta gindin darbejiya da ɗan kwano.