Jadawalin Lissafi Da Sana'ar Mata

'Yan'uwana mata, a nan Furfuri da yawanmu muna sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, amma sau da yawa uwar kuɗi takan narke cikin cefane ba mu sani ba.

A 1979 wasu Amurkawa biyu, Dan Bricklin da Bob Frankston, suka fito da VisiCalc, wato jadawalin lissafi na kwamfuta. In kin sāke lamba ɗaya, jimla sai ta gyara kanta. Excel ya biyo baya a 1985, yau ga shi har cikin waya.

Da shi nake riƙe adashinmu. Wadda ta zuba, wadda ta kwasa, duk a rubuce, ba gardama. In gyaɗa ta yi tsada a Gusau, nan take nakan ga abin da ya rage na riba.

'Yan makaranta, ku koya, ku riƙa rubuta wa iyayenku mata. Bashin da ba a rubuta ba shi ke ɓata zumunci.