Ƙyalƙyalin da Muke Zubarwa a Bukuru

A Bukuru na tashi, daidai lokacin da kasuwar kuza ke gab da mutuwa. Mahaifinmu ya yi leburanci a ramukan kamfanin kuza na ATMN har ƙarfinsa ya ragu. Iyayenmu mata kuwa sukan bi tsofaffin wuraren haƙa da ƙwarya, suna wanke yashi don su kalaci abin da injinan kamfani suka bari. Mu yara namu ɗibar ruwa da riƙon buhu. Idan Inna ta juya ƙwarya cikin ruwa, kuza mai nauyi sai ya kwanta a gindi, yashi ya fita, tare da shi kuma wasu 'yan ɓawo masu sheƙi su yi ta lilo a ruwa kafin su sauka. Wasu farare tas, wasu baƙaƙe, wasu ruwan zinariya. Suna manne wa ƙafa da gashin kai, wanka ɗaya ba ya raba mutum da su. Baƙon da ya zo daga Kano ko Katsina yakan tsuguna ya tattara masu ruwan zinariyar a tafin hannu yana zare ido, matan su ce masa, "Malam, zubar, ba abin kirki ba ne." Mai sayen kuza ba ya biyan ko kwabo a kansu, idan ma sun yi yawa a kaya rage kuɗi yake yi.

Sai da na je Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya karatun ilimin duwatsu na san cewa maika ake kiran wannan ma'adini, kuma dangi ne babba. Farin shi ne maskobait, baƙin kuwa bayotait. Mai ruwan zinariyar nan ma bayotait ne, ruwa da iska suka ci shi har ƙarfen da ke cikinsa ya yi tsatsa ya sauya launi.

Ginin maika hawa-hawa yake, kamar shafukan littafi. Kowane shafi yana da shimfiɗa uku: biyu na silikon da alminiyam da iskar oksijin a sama da ƙasa, ta uku a tsakiya. Idan alminiyam ne a tsakiyar, sai a sami fari mai nuna haske. Idan ƙarfe da magnesiyam ne, sai ya fito baƙi. Shafin kansa yana da ƙarfin gaske, amma abin da ke riƙe shafi da shafi ƙwayoyin fotasiyam ne, riƙonsu kuma sako-sako ne. Shi ya sa farcen yaro ke ɓare shi, ya sake ɓarewa, har ya yi sirantar da za a hango rana ta cikinsa. Ba ya ba wutar lantarki hanya, ba ya kuma jin zafi da wuri. Duk wanda ya taɓa kwance tsohon dutsen guga na lantarki ya ga farantin maika da waya naɗe a jiki.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne wannan fotasiyam ɗin. Wani ɗan kaso nasa yana rikiɗewa a hankali, wani ɓangare ya koma iskar argon, kuma sai an yi kimanin shekara biliyan 1.25 kafin rabin wannan kason ya rikiɗe. Muddin dutse na da zafi, argon tserewa yake yi. Da zarar ya huce ƙasa da digiri 300 ko kusa da haka, bayotait sai ya fara tsare shi tsakanin shafukansa. A auna fotasiyam, a auna argon, sai a san tun yaushe dutsen ya huce. Rubidiyam ma yana zama a gurbin fotasiyam, shi ma ana lissafi da shi. Da irin wannan awo aka gano shekarun manyan duwatsun ƙasarmu, waɗanda suka kasu gida biyu: tsofaffi masu kimanin shekara miliyan 600, da ƙanana waɗanda suka kutso cikinsu daga baya. Ƙananan kuma jere suke tun daga Nijar. Na Azbin, yankin Agadas, sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram kusan 300, na Dutse a Jigawa kusan 210, na Jos wajen 160, na Afu a Nasarawa wajen 140. Duk taku zuwa kudu, dutse na ƙara yarinta. Ranar da aka zana mana wannan a allo na daɗe ban ce uffan ba, don duwatsun da nake hawa ina yaro ashe dangin na Agadas ne.

Kuzan da ya ciyar da gidanmu ma daga cikin dutse mai bayotait ya fito, haka kwalambait da Nijeriya ta yi fice da shi a duniya a shekarun 1950. A Ririwai ta Jihar Kano, inda ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa ya ratsa dutse ya mayar da shi farin tsakuwa da maika, a nan jijiyar kuza take. Watau ɓawon da muke zubarwa shi ne alamar da ƙwararre ke bi. Ba wanda ya taɓa gaya wa lebura wannan. An koya masa haƙa da ɗauka, ilimin ya zauna a ofis, kuma ina ganin wannan rashin adalci ne da bai gaza ƙarancin lada ba. Da farashin kuza ya faɗi a 1985, sai aka bar mu da kududdufai masu zurfi da suka ci yara da dabbobi ba adadi.

Yau wani ɗan gidan maika ne ke tashe: lefidolait, mai launin shunayya-shunayya, wanda ke ɗauke da litiyam na yin batir. Ana samunsa a jijiyoyin duwatsun Nasarawa da Kogi da Kwara da Ekiti tare da sauran ma'adanan litiyam, kuma matasa sun sake cika ramuka, har da yaran da ya kamata a ce suna aji. Gwamnatocin waɗannan jihohi su sa ilimin duwatsu a makarantun garuruwan da ake haƙa, su fitar da yara daga rami, su kuma tilasta wa duk mai lasisi ya cike abin da ya tona kafin ya kwashe kayansa.