Tsohon Birni, Tsohuwar Ganuwa

Wani malamin Hausa a Zinder ya kai ɗalibansa Birni, suka ga ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina a ƙarni na 19. Nan wata ɗaliba ta ce: "Malam, don me muke cewa tsohon birni, amma tsohuwar ganuwa?" Ya ce ƙa'ida ce. Yarinyar ta yi shiru, amma shi kansa ya san bai ba ta amsa ba.

Tambayar ta hana shi sakat, har ya koma ga manazarta. Ya ga suna da dabarar gano kalmar da ba a taɓa rubutawa ba, su sa mata tauraro a gaba. Da suka kwatanta "sean" na harshen Ailan da "hen" na Welsh, sun gano kakarsu *senos, mai nufin tsoho, a harshen Keltawan farko. Irin aikin nan Paul Newman da Roxana Ma suka yi wa harsunan Cadi, dangin Hausa, a 1966.

Sai ya juyo gida. Sifar nan ta fito daga aikatau "tsufa". Harafin f ya koma h a "tsoho", amma jam'i, wato "tsofaffi", ya riƙe shi. Ita kuwa n ta "tsohon" guntuwar "na" ce, r ta "tsohuwar" kuma asalinta "ta". In sifa ta biyo bayan suna, duka biyun sai su faɗi: ganuwa tsohuwa.

Wannan t ta mace ta girmi Hausa kanta. Tana cikin Larabci da harshen Misirar dā, tana kuma bakin Abzinawan da suka daɗe suna sauka Zango, masu sa t a sunan mace. Barebarci kuwa, wanda gidan sarautar Damagaram ke da tushe a cikinsa, bai raba namiji da mace a nahawu. Duk da wannan zaman tare, Hausar Damagaram ba ta saki jinsi ba.

Da mako ya zagayo, malamin ya rubuta *ta a allo da tauraronsa, ya kira yarinyar, ya ce: "Ga amsarki. Yawancin ganuwar ya zube, amma wannan harafi na nan a bakinki." Daga ranar, in an tambaye shi dalili, ba ya fakewa da ƙa'ida.