Kwanciya Ɗaya, Zuciya Biyu

"Sannu, Allah Ya sa kaffara ne." Yawanci iyakar abin da muke faɗa ke nan idan mun je duba wanda jikinsa ya shanye. Ba mu cika tambayarsa yadda yake kallon sauran kwanakinsa ba. Ni dai na san mutum biyu da haɗarin hanya ya taɓa musu laka, aka kai su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, suka dawo gida ba sa iya motsa komai daga ƙirji zuwa ƙasa.

Na farko kawuna ne a Gwarzo, dillalin hatsi. Har yau a kan katifarsa ake yanke shawarar gidan. Ana kara masa waya a kunne ya ji farashin masara a kasuwar Dawanau, ya ce a sayar ko a dakata. 'Ya'yansa sun raba dare tsakaninsu, suna juya shi duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Idan ya ga na yi tagumi sai ya ce, "Ɗan nan, wa ya gaya maka ni zan riga ka?"

Na biyu ƙanin abokina ne a Kabo, ɗan acaɓa, bai kai shekara 30 ba. Dangin budurwarsa sun maido kayan sa rana, abokai sun ɗauke ƙafa, mahaifiyarsa kaɗai ke ɗaga shi. Ya taɓa ce min, "Yaya, ka roƙa min Allah Ya ɗauke ni, ko Inna ta huta."

Irin wannan saɓani har a Turai akwai shi. Stephen Hawking na Ingila ya rayu da cutar da ta shanye shi tun 1963 har 2018, yana bincike yana rubutu. Ramon Sampedro na Sifaniya kuwa, da ya karya wuya a 1968, kotu ya yi ta zuwa yana neman a bar shi ya mutu, duk da danginsa na kula da shi, har ya rasu a 1998.

A wajenmu hukuncin yana da sauƙi a baki: wancan mai tawakkali ne, wannan imaninsa ya yi rauni. Malamai sun hana roƙon mutuwa saboda cuta, ban kuma musa ba. Amma yaron nan bai taɓa barin salla ba, da ido da ka yake yin ta. Abin da na lura da shi shi ne, Kawu yana farkawa ana jiran maganarsa, shi kuwa yana farkawa ne ya ga bayan uwarsa ya ƙara rankwafawa.

Haƙuri ma yana son mataimaki. Duk wanda zai je irin wannan dubiya, ya je da tambayar da zai nemi shawarar majinyacin a kai, ya kuma karɓi juyin dare ɗaya mai jinya ta samu barci.